Radha Ta Yi Haƙuri, Dattawan Garin Fa?

A gidanmu mata ba sa zuwa silima. Ko a cikin maza, wanda ya je Plaza ko Marhaba ko El Dorado sai ya san yadda zai lallaɓo ya shigo gida ba tare da Baba ya ji motsinsa ba. Saboda haka Goggo, yayar mahaifina, ba ta taɓa ganin Mother India a babban majigi ba. A kaset ta gan shi, a tsakar gida bayan sallar isha'i, an fito da talbijin an ɗora a kan turmi, yaran maƙwabta sun cika tabarma. Ba ta jin Indiyanci ko kalma ɗaya, kuma lokacin ba a fara fassara finafinan Indiya zuwa Hausa ba. Amma da aka zo wurin da Radha, matar da aka gina labarin a kanta, ta saɓa garma a kafaɗa tana ja kamar saniya, 'ya'yanta ƙanana na turawa ta baya, sai na ga Goggo ta kai haɓar zane ido.

"Allah sarki, baiwar Allah," ta ce. Ta juyo ta dube ni. "Ɗan nan, ka ga mace."

Na daɗe ina ɗauke da wannan magana kamar yadda ta faɗe ta, wato yabo. Yanzu da na girma, na sake kallon fim ɗin ba sau ɗaya ba, idona ya daina tsayawa a kan Radha ita kaɗai. Yana zarcewa bayanta, wurin mutanen da ke tsaye suna kallo. Abin da nake so in faɗa ke nan: mun shafe shekaru fiye da 60 muna jinjina wa haƙurin matar nan, mun ƙi tambayar wa ya ɗora mata kayan da take haƙuri da su, kuma su wa suka tsaya suna kallo ana ɗorawa. Wannan ɗabi'a ba ta tsaya a kallon fim ba, da ita muke mu'amala da matan talakawa na zahiri.

Ga wanda bai san fim ɗin ba, ko ya manta: Mehboob Khan ne ya shirya shi, ya fito a watan Oktoban 1957, shekara 10 bayan Indiya ta samu 'yancin kai. Ya ma taɓa yin labarin a 1940 da sunan Aurat, wato mace, sannan ya dawo ya sake gina shi da launi da kuɗi masu yawa. Nargis ce ta fito a Radha, tana da shekara 28, ta taka rawar tun daga amarya har zuwa tsohuwa mai furfura. Sunil Dutt, wanda ya fito a ɗanta Birju, sa'anta ne, a wata ɗaya na shekarar 1929 aka haife su. Wuta ta ƙwace a wurin ɗaukar fim, ya kutsa ya fito da ita, ya ƙone, a 1958 suka yi aure. Ɗansu shi ne Sanjay Dutt, wanda 'yan kallon Kano suka laƙaba wa Ɗan Daba Mai Lasin. Naushad ne ya tsara kiɗan, Shakeel Badayuni ya rubuta waƙoƙin, muryoyin kuma su Lata Mangeshkar da Shamshad Begum da Mohammed Rafi da Manna Dey. Shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Oscar, wani fim ɗin Italiya ya kayar da shi. 'Yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima suka kawo shi Arewa, ya yi shekaru aru-aru ana maimaita shi gida na cika.

Mutane sukan tuna ambaliya, su tuna harbin ƙarshe. Amma mafarin labarin rupi 500 ne. Uwar mijin Radha ta ciwo su wurin Sukhilala, mai ba da bashi da ruwa, ta jinginar da gona, don ta yi wa ɗanta Shamu biki na kece raini. Da kaka ta zo sai aka sami saɓani kan sharaɗin. Tsohuwa ta ce abin da ta amince da shi daban, Sukhilala ya buɗe kundinsa ya ce abin da ke rubuce daban. Aka kai magana gaban dattawan gari. Dattawa suka dubi takarda, suka dubi tsohuwar da ba ta iya karatu ba, suka ba mai takarda gaskiya. Daga ranar, kashi uku cikin huɗu na duk abin da gonar ta ba da na Sukhilala ne, kuma wannan kuɗin ruwa ne kawai, uwar kuɗi tana nan daram.

Duk wata masifa da ta biyo baya daga wannan zama ta fito. Saboda kashi ɗayan da ya rage ba ya ci da gida, Shamu ya shiga sharar wani fili mai duwatsu don ya ƙara gona, dutse ya mirgino ya danne masa hannuwa biyu. Ya zama sai an ba shi abinci a baki, gori ya ishe shi, ya fice cikin dare bai sake dawowa ba. Shanun noma suka tafi a bashi, tasoshin gida suka tafi, awarwaron auren Radha suka tafi. Suruka ta mutu. Cikin 'ya'ya huɗu biyu suka mutu. Ambaliya ta cinye amfanin gona, yara na kukan yunwa, Sukhilala ya ce zai ba ta abinci idan ta ba shi kanta. Ta ƙi. Mutanen gari suka ɗaure kaya za su yi ƙaura, ita ce ta tsayar da su, suka zauna suka sake gina garin.

Ambaliya daga Allah take, ba wanda zai tuhumi kowa a kanta. Hukuncin kashi uku cikin huɗu kuwa mutane ne suka zauna a inuwa suka yanke shi. Mutanen nan sun san Sukhilala, sun san halinsa, da yawansu ma suna cikin kundinsa. Sun ga an kora shanun gidan. Sun ga mace na jan garma. Shekara da shekaru ana auna hatsinta a gabansu ana loda wa mutum ɗaya. Babu wanda ya miƙe ya ce a sake zama, a ƙirga abin da aka biya, a ga ko rupi 500 ba su fita ba tun tuni. Sai da ta tsufa, ta binne wanda za ta binne, ta harbe ɗan cikinta da hannunta, sannan suka zo suka ce ita ce uwar gari, ta zo ta buɗe musu sabon kanal ɗin ban-ruwa. Wannan girmamawa tana ƙona mini rai. Kiran mace uwar gari ba ya cin ko sisin kowa. Tsaya mata ranar shari'a shi ne mai tsada, domin mai tsayawar zai ɓata da wanda shi ma gobe zai je neman bashi wurinsa.

Duk lokacin da na zo wannan wuri a fim ɗin sai na tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ake kira ayar bashi. Ta yi umarni a rubuta bashi, babba ko ƙarami, da wa'adinsa, marubuci ya rubuta da adalci, a kafa shaidu. Amma abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne wa aka ce ya yi shifta. Wanda ake bi aka ce ya faɗa a rubuta. Idan kuma shi mai rauni ne, ko ba zai iya ba, waliyyinsa ya faɗa a madadinsa da adalci. Aya biyu kafin nan, ta 280, an ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin sauƙi. A garin su Radha an juya wannan tsari ƙafa sama: mai bin bashi shi ne marubuci, shi ne mai shifta, shi ne ma'ajin takarda, wadda ake bi kuma nata dangwala yatsa. Su ba Musulmi ba ne a labarin, ba wanda zai kama su da ayar. Mu da muke karanta ta kowane azumi fa, takardun jinginar da ake yi a ƙauyukanmu, wa ke shiftarsu?

A ƙidayar 1951, matan Indiya da suka iya karatu da rubutu ba su kai 9 cikin 100 ba. Idan ka riƙe wannan adadi a ranka za ka gane cewa makamin Sukhilala alƙalami ne. Bai taɓa buƙatar takobi ba.

Wanda ya gane haka a cikin fim ɗin shi ne Birju, ɗan da kowa ke kira fitinanne. Tun yana yaro yake tambayar dalilin da za a kwashe hatsin da uwarsa ta noma. Da ya girma ya matsa sai an nuna masa lissafi, aka buɗe masa kundi, ya tsaya yana kallon baƙaƙen da ba zai iya karantawa ba. Ba na wanke Birju. Ya addabi 'yan matan gari, ya zama ɗan fashi, ya kashe Sukhilala, ya ɗauke 'yarsa Rupa ranar aurenta, yarinyar da ba ita ta rubuta kundin ba. Radha ta riga ta yi alkawarin ba za ta bari a keta mutuncin yarinyar ba, ta ɗaga bindiga ta cika alkawari, ya mutu a hannunta. Ina ganin girman wannan, kuma duk uwar da ta ga wurin ta san abin da ya ci mata. Amma tambayar da yaron ya yi tun yana ƙarami tambaya ce ta gaskiya, kuma da akwai babba ɗaya a garin da ya ɗauke ta ya kai ta inda ya kamata, da tura ba ta kai bango ba.

Mehboob Khan bai ƙago Birju daga iska ba. A 1875, manoman yankunan Pune da Ahmednagar a yammacin Indiya sun tashi a kan masu ba da bashi da ruwa. Abin da suka fi nema a gidajen mutanen nan shi ne takardun bashi, su karɓe su tara a fili su cinna musu wuta. Turawan Ingila suka kafa kwamitin bincike, a 1879 aka yi dokar sassauta wa manoman yankin, wadda ta ba kotu ikon bin tarihin bashi tun daga tushe maimakon tsayawa kan abin da takarda ta ce. Wato abin da dattawan garin Radha suka kasa yi, shi doka ta zo ta wajabta, bayan an yi tarzoma.

Sai maganar waƙa, domin fim ne na waƙa, kuma da waƙar ya shiga zukatanmu. Ni ban yarda da masu cewa waƙa a fim shirme ba ce. Matan Hausa ba su jira Indiya ta koya musu cewa wahala na tafiya da waƙa ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake niƙa a dutse ko ake lugude a turmi ya san mace kan faɗi abin da ke cinta a waƙa, abin da ba za ta iya faɗa wa miji ko suruka ido da ido ba. Shi ya sa Goggo ta fahimci muryar Lata Mangeshkar ba tare da tafinta ba. Waƙar da Radha ke yi tana jan garma, ma'anarta a taƙaice ita ce tunda an zo duniya dole a rayu, ko da rayuwar ɗaci ce. Naushad ya ɗora ta a kan kiɗa mai ratsa jiki, rana na faɗuwa, ƙasa ja, sarari ja. A nan ƙarfin fim ɗin yake, a nan kuma nake jin tsoronsa. Ya yi wa wahala ado har ta yi kyau. Mai kallo yakan yi kuka, kukan ya wanke masa zuciya, ya tashi yana jin ya sauke nauyi, alhali bai yi wa kowa komai ba. Na san haka domin ni ma na yi wannan kukan na tashi na kwanta barci mai daɗi.

Za a ce mini haƙuri ibada ne, mahaƙurci mawadaci, kuma fim ɗin ya nuna ƙarshen mai haƙuri: ga ta nan ta ga ɗanta Ramu ya zama mutum, ga ruwa ya zo gari, ga taraktoci. Na yarda da darajar haƙuri ɗari bisa ɗari, kuma ban isa in rage wa Radha ko ƙwayar zarra na ladanta ba. Ƙin da ta yi wa Sukhilala a daren yunwa ya fi ƙarfin yabona. Sai dai haƙuri umarni ne ga wanda abin ya sama. Wanda ke tsaye a gefe da ƙarfinsa da bakinsa da matsayinsa, nasa umarnin daban ne: ya hana zalunci. Idan mai iko ya ce wa wanda ake zalunta "yi haƙuri" ya juya ya tafi, ya ɗauki aikin da aka ba shi ya ɗora wa wanda aka riga aka danne. Kalmar tana da tsarki a bakin Radha. A bakin dattawan garin mafaka ce.

Kuma a duba da kyau, ba haƙurin ne ya fitar da garin daga talauci ba, ko a cikin fim ɗin. Gwamnati ce ta haƙa kanal. Fim ɗin ɗan zamanin Nehru ne, firaministan Indiya na farko, lokacin da ake gina manyan madatsun ruwa irin su Bhakra ana ɗaukarsu a matsayin alamar sabuwar ƙasa, shi kansa Nehru da shugaban ƙasa Rajendra Prasad an nuna musu fim ɗin a Delhi kafin ya fita kasuwa. Sunan ma martani ne ga wani littafi da Ba'amurkiya Katherine Mayo ta fitar a 1927 mai wannan suna, wanda ya zubar da mutuncin Indiyawa. To amma ruwa kaɗai ba ya raba manomi da mai kundi, mu da muka san ayyukan ban-ruwa na Kadawa da Bakolori shaida ne. Indiya ta gane haka a hankali: a 1969 gwamnatin Indira Gandhi ta karɓe manyan bankuna 14, ɗaya daga dalilan shi ne a kai rance karkara, a 1976 kuma aka yi dokar haramta bautar da mutum saboda bashi. Har yau manomin Indiya bai gama fita daga hannun masu ba da bashi ba, amma aƙalla an daina ɗaukar abin a matsayin ƙaddarar da sai dai a yi mata waƙa.

Labarin da na fi so a wannan fanni daga Gujarat ya fito, jihar da aka haifi Mehboob Khan. A 1972 wata lauya, Ela Bhatt, ta kafa ƙungiyar mata masu sana'ar kansu a Ahmedabad, ana kiranta SEWA: masu tallan kayan miya, masu dako, masu ɗinki, masu tura amalanke. Kusan dukkansu da bashin ruwa suke juya sana'a. A 1974 mata wajen 4,000 suka haɗa rupi goma-goma suka kafa bankinsu. Aka ce ba za a yi wa bankin rajista ba sai da sa hannu, wasu daga cikinsu suka kwana suna koyon rubuta sunansu. Wadda ba ta iya ba aka manna hotonta a littafin ajiyarta. Waɗannan ma Radha ne, wahalarsu ɗaya, juriyarsu ɗaya. Bambancin shi ne sun sami mai ilimi ta zauna tare da su, kundin ya dawo hannunsu. Da ni mai shirya fim ne, a nan zan kafa kyamara.

Sukhilala bai mutu a hannun Birju ba, kaya ya sauya. A karkararmu yana nan a siffar mai ba da taki ko kuɗi da damina ya karɓi buhu da kaka a farashin da shi ya yanka. A birni ya koma cikin waya: manhajojin ba da rance da ke sa mutum ya danna "na yarda" a ƙarƙashin dogon Turancin da bai karanta ba, ranar da ya gaza su bi lambobin da ke wayarsa suna aika saƙon ɓatanci ga surukai da abokan aiki. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Danna allo dangwala yatsa ne na zamani. Kuma ƙofar da yake shigowa ba ta sauya ba: biki. Lefe, kayan ɗaki, gara, ɗinkin anko, kowa na tsoron a ce ya gaza. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda aka ci don a burge mutanen da za su watse da la'asar, amarya ce ke kwana da shi, ita da ba a shawarce ta ba. Radha ma sai bayan ta tare ta ji labarin rupi 500.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne, kuma ba sai an jira Abuja ba. Mai unguwa ko dagaci ko limamin da aka kira shaidar jingina ko bashi, kada ya sa hannu sai an karanta takardar da ƙarfi, da Hausa, a gaban wanda ake bi, kuma an ba shi tasa ya riƙe. Idan mace ce mijinta ya mutu ko ya gudu, a sa wani nata mai karatu ya zauna kusa da ita. Bashin da ya daɗe ana biya, a sami masu ƙarfin halin cewa a zo a yi lissafi. 'Yan boko da malaman unguwa su ɗauki karanta wa maƙwabta takarda a matsayin aikin lada kamar zuwa jana'iza. Yarinya kuma a bar ta a makaranta har ta iya karanta abin da za a ce ta sa wa hannu, ko da boko ko da ajami. Masu shirya finafinanmu na Hausa, da suka ɗauki rawa da waƙa daga Indiya, ina roƙonsu idan za su nuna mace mai haƙuri su riƙa juya kyamara su nuna mana fuskokin waɗanda suka yi shiru.

Sai bayan rasuwar Goggo na san dalilin hawayenta a daren nan. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar da gona ɗaya a ƙauye. Shekarar da aka yi fari ta jinginar da gonar wurin wani mai hali don ta sayi hatsi, aka rubuta takarda, ta dangwala. Ta yi shekaru tana dakau, tana sai da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana tara kuɗin fansa a asusu. Ranar da ta kai kuɗin aka fito da takarda aka karanta mata: sayarwa aka rubuta. Shaidu uku duk suna raye a lokacin, duk sun san abin da aka yi da baki. Kowannensu ya ce mata ta yi haƙuri.

Ta yi. Ta rene yaran biyar, ta aurar da su, ba ta taɓa roƙon kowa ba. Ranar jana'izarta layin masu gaisuwa har bakin titi, kowa na cewa ba a taɓa mace mai haƙurinta ba, biyu daga cikin shaidun nan suna cikin masu faɗa. Gonar tana nan a gefen hanya, in za ka shiga garin tana hannun dama. Bara na wuce na ga an shuka mata masara.